Ni ce Bushiya

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Sun tafi da Surajo jiya da safe. Yana hanyar kawo awaki biyu kasuwa daga rugarsu ta wajen Ruma, 'yan kwamitin gadi na wani ƙauye suka tare shi, suka karɓi wayarsa suka duba, suka ga an kira shi Sarkin Daji a cikin wani saƙo. Laifin ke nan. Awakin sun koma gida da kansu, shi bai koma ba.

Littafin nan na saya ne don tsara darasin 'yan aji huɗu idan an dawo daga hutu. To darasi ya jira. Ina so a samu wuri ɗaya tak da aka rubuta yadda maganar take, tunda a gari kowa ya zama mai labari.

Guruf ne a waya. Ni na buɗe shi bara, na sa masa Dajin Tsamiya Bakwai. Mu talatin da ɗaya ne, daga Batsari, Safana, Karare, har da masu karatu a Katsina. Kowa ya zaɓi dabba ko wata halitta da ya ƙago, yana magana da bakinta, labari yana tafiya. Ƙawata Sumayya ta Safana ita ce Hankaka mai shari'a, wadda ba ta yanke hukunci sai an watsa mata gyaɗa. Huzaifa shi ne Kura mai ciwon haƙori. Akwai Jimina 'yar achaba. Akwai Kada da ya tuba da cin nama ya buɗe teburin shayi, ba wanda ya yarda ya zauna kusa da shi. Akwai Aljana mai tsoron duhu. Akwai wani da ya ce shi Iska ne, ba a ganinsa, sai dai a ji ya kifar da tukunya ya wuce. Ni Mahfuza ni ce Bushiya, 'yar leƙen asirin fada. Surajo kuwa Zaki ne, kuma da ƙuri'a muka naɗa shi, don ba wanda ya kai shi iya gurnani a saƙon murya.

Wannan shi ne Sarkin Dajin da suka kama. Mai kiwon awakin babansa, wanda ke hawa kan dutse don ya samu sabis.

Asabar, 10 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Mun tashi mu goma sha tara. Jimina ta fita. Iska ya fita, shi dama ba a ganinsa. Huzaifa ya turo min saƙo a gefe wai in goge guruf ɗin yanzu-yanzu, wai in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Na ce masa ai shi ko gemun bai da shi. Ya fita shi ma.

Ba zan goge ba.

Asabar, bayan azahar

Mu goma sha ɗaya. Ba zan goge ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, hantsi

Yaya Sharhabilu ya dawo daga majalisa da cikakken labari, yana ba Baba a zaure, ni ina jin su daga bakin ƙofa ina tsince wake. Wai wayar Surajo ƙarama ce, kullum yana goge komai don ta samu wuri, saƙo ɗaya suka tarar. Yaya ya haddace shi kamar karatun allo, don yanzu duk gari ya haddace shi:

"Ranka ya daɗe Sarkin Daji. Na leƙo garin. Masu gadi uku ne a ƙofar yamma, biyu masu barci ne. A shigo ranar Laraba."

Kuma kowa ya san abin da ya faru ranar Laraba a ƙauyen can. Ba zan rubuta shi ba. Mutum bakwai aka binne.

Garin da ake nufi a saƙon garin Gara ne. Suri. Gara sun sace gangar fada sun shige da ita cikin surinsu, dabbobi suna shirin kai musu hari su ƙwato ta. Masu wasan Gara su biyar suna cikin guruf ɗin, shi ya sa ba a tura rahoton a can ba, aka tura wa Zaki shi kaɗai. Laraba kuwa ranar da yawancinmu ke da data ce. Babu wani abu bayan wannan, wallahi babu.

Yaya ya ce wa Baba: "Yanzu wanda ya turo saƙon suke nema. Sunan da ke jikin lambar wai Bushiya. Ka ji sunan ɓarayi."

Baba ya ce: "Allah shi tona asirinsu."

Waken nan sai da na sake tsince shi daga farko.

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe goma da rabi

Wayata ta yi ƙara. Sunan da ya fito Zaki. Na san ba shi ba ne yake riƙe da ita. Na kalle ta har ta katse. Ta sake. Na cire layin na naɗe shi a takardar magi na tura cikin kwallar Inna.

Ba tsoro ba ne. Tunani nake yi. Mutum ai yana da ikon ya yi tunani.

Talata, 13 ga Agusta, da yamma

An yi ruwa sosai. Gero ya fara fitar da kai. Na wanke kayan makaranta duk da ba su yi datti ba. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gidanmu sai in leƙa, sai kuma ya wuce.

Abin da ke cin raina wata maganar banza ce. Ranar da muka naɗa shi, Sarkin Dawa na rubuta, yadda kakata take faɗa a tatsuniya. Sai Huzaifa ya ce to ina Sarkin Gero da Sarkin Maiwa, tunda a rubuce dawar tuwo da dawan namun jeji duk ɗaya ce. Aka yi ta dariya, aka dinga turo hoton damin dawa da rawani. Ni da zuciya na ce to a bar shi Sarkin Daji kowa ya huta. Na san me mutanenmu ke nufi yanzu idan sun ce 'yan daji. Na sani sarai. Gani na yi kalmar tamu ce tun kafin su zo.

Kuma har yanzu ina kan bakana. Dajin nan a cikinsa Inna ta yi itace tana budurwa, a cikinsa Baba ya koyi harbin zomo, mu ma mun ci kanya da magaryarsa. Sun hana mu shiga, mun haƙura. Yanzu kuma sunansa ma sai mun bar musu?

Laraba, 14 ga Agusta, safe

Sati ɗaya da waccan Larabar. Ban ci komai ba, na ce wa Inna azumi nake. Ƙarya kan ƙarya.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Asta ƙanwar Surajo ta zo da nono kasuwa, ta biyo ta gidanmu kamar yadda ta saba, don Inna na sayen man shanu a wurinta. Sun gaisa da Inna doguwar gaisuwa, aka yi mata jaje, aka ce Allah ya bayyana gaskiya. Da Inna ta shiga ɗaki ɗauko kwano, Asta ta ce min a hankali (Baffa take ce wa babansu):

"Malama, Baffa ya je sau uku. Sun bar shi ya gan shi sau ɗaya. Ya ce hannunsa na dama ya kumbura kamar tulu."

Na ce: "Ya yi magana?"

"Ya ce masu wasa ne. Sun ce wane irin wasa. Ya ce na dabbobi. Sai suka ƙara masa." Ta gyara ƙwaryarta. "Sun ce in ba a samu Bushiya ba zuwa sati mai zuwa, za su miƙa shi gaba. Baffa ya ce wanda aka miƙa gaba da irin wannan suna, ba a cika ganinsa ba."

Ba ta kalle ni ba. Ban sani ba ko ta sani. Ta karɓi kwanon Inna ta auna mai, har da gyara, ta tafi.

Na shiga bayan gida na yi kukan da ban yi ba tun ranar Juma'a. Bari in rubuta shi da hannuna tunda ba mai gani: ni na tura saƙon. Ni na zauna a kan tabarmar nan ina dariya ina ƙirga masu gadin Gara. Kwana huɗu layina yana cikin kwalla, shi yana can. Na ce tunani nake yi. Tsoro ne, ba wani tunani.

Juma'a, 16 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na mayar da layin. Kira goma sha huɗu daga lambarsa.

Mun rage mu huɗu a guruf: ni, Sumayya, Kada, da Zaki da ba ya nan. Na kira Sumayya na faɗa mata komai. Na ɗauka za ta ce in yi shiru.

Ta ce: "Ke dai kin cika wauta. Ni ban goge ko harafi ɗaya ba, tun daga ranar farko. Har saƙon da Gara suka turo suna alfahari sun sace ganga yana nan. Yaushe za mu tafi?"

Na ce ita ba ruwanta, ta zauna gidansu. Ta ce Hankaka ce mai shari'a, ba a zaman kotu ba ta. Na yi dariya hancina na zuba.

Kafin in kashe waya na rubuta a guruf: Bushiya ta fito daga rami. Kada ya amsa cikin minti ɗaya, ya ce shayi ya yi, a zo a sha, ba zai ciji kowa ba. Ban san ko waye Kada a zahiri ba sai sunansa a waya, amma Allah ya yi masa albarka.

Asabar, 17 ga Agusta, bayan azahar

Na faɗa wa Baba. Na jira ya gama cin tuwo, na durƙusa na ce Baba ni ce Bushiya. Bai gane ba sai da na maimaita. Yaya Sharhabilu ya miƙe tsaye ya ce in ba shi wayar ya jefa ta masai, wai ina so in jawo a ƙone mana gida, wai wace irin malamar makaranta ce za ta zauna tana kukan dabbobi da ƙattin da ba ta sani ba. Na ce ya taɓa wayar ya gani. Ban taɓa yi masa magana haka ba.

Baba ya ce mu yi masa shiru. Ya sa na karanta masa tun daga inda Gara suka shigo fada da dare suka cinye ƙafar kujerar Zaki. Na karanta kusan awa ɗaya. A wajen da Kura ya je wurin Kurege mai cire haƙori, na ga gefen bakin Baba ya motsa, ya danne.

Da na gama ya ce: "Wagga shiririta taku ita ta sa ake dukan ɗan Hamidu?"

Na ce eh.

Ya ce: "Ni Mamman ban haifi ɗiyar da za ta ɓoye wani shi mutu a madadinta ba. Jibi da safe ki shirya. Kai kuma Sharhabilu ka sa mai a mashin."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da babban hijabinta na zuwa ta'aziyya ta wanke min.

Lahadi, 18 ga Agusta, da yamma

Na yi cajin waya har ta cika, na ari ta Inna ko da tawa za ta mutu. In sun riƙe ni, wanda ya samu littafin nan ya kai wa Sumayya. 'Yan aji huɗu sun tsaya a jimla mai aikatau.

Talata, 20 ga Agusta, safe

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Mun isa ƙauyen da hantsi, ni da Baba a bayan Yaya, Sumayya da kawunta a wani mashin daga Safana. Rumbuna uku a bakin gari sun zama toka. Na kawar da kai. A wani zaure aka zaunar da mu, maza sun fi ashirin, Malam Hamidu baban Surajo yana rakuɓe a bakin ƙofa ba wanda ya ba shi tabarma. Shugaban kwamitin sunansa Malam Armaya'u, dogo, idanunsa jajur. A hanya aka gaya mana ƙanensa na cikin bakwai ɗin.

Baba ya yi gaisuwa ya yi ta'aziyya, ya ce ga wadda kuke nema. Wani ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Malam Armaya'u ya ciro wayar Surajo daga aljihu ya danna. Wayata ta yi ƙara a hannuna.

Ya ce: "Ke ce Bushiya?"

Na ce: "Ni ce, Malam."

"Wane gari kika leƙa?"

"Garin Gara."

"Ina ne Gara? Wace gunduma?"

Na ce suri ne, Malam, gara mai cin itace. Wani saurayi mai sanda ya ce raina musu hankali muka zo yi. Sumayya ta miƙa tata wayar ta ce a duba kwanan wata, an sace gangar tun watan jiya, ga Sarauniyar Gara tana cika baki, ga Jimina tana cewa ba za ta ɗauki Kura a bashi ba. Aka kira wani malamin makarantarsu ya zauna yana karantawa da ƙarfi, yana haɗa wayata da ta Sumayya, saƙo bayan saƙo. Ya kai wajen Aljana mai tsoron duhu tana roƙon a raka ta bayan gida, wani tsoho ya tuntsire da dariya ya rufe baki da hula.

Malam Armaya'u bai yi dariya ba. Ya ce: "Muna binne mutane, ku kuna wasa."

Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu in yi shiru. Ban yi ba. Na ce: "Malam, Allah ya jiƙan ƙanenka. Mu ma mun binne namu. Shekara huɗu ban je gonar kakata ba. Ba dandali, ba biki sai a gaggauce, magariba na yi an kulle ƙofa. Wannan dajin na cikin waya shi kaɗai ya rage mana da muke shiga mu fito lafiya. In laifi ne, ni na buɗe shi, ni na rubuta saƙon. Ku sake shi ku riƙe ni."

Sai da na kai ƙarshe na tsaya.

Ya sa aka shigo da Surajo. Ba zan rubuta yadda na gan shi ba. Aka kunna saƙon muryar da yake gurnani yana cewa duk Garar da ta taɓa gangarsa sai ta yi tari. Sai saurayin nan mai sanda ya ce to ya yi a gabansu su ji in shi ne. Surajo ya kalli babansa. Ya buɗe baki ya yi. Abin da ya fito ko ɗan akuya ba zai tsorata ba, amma muryar ita ce. Wasu suka yi dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma na so in fizge sandar nan.

Suka fita shawara suka bar mu. Da suka dawo Malam Armaya'u ya ce za a sake shi da safe bayan dagaci ya sa hannu, da sharaɗi: a cire kalmar daji daga sunan guruf ɗin a gabansu, kuma kar a sake kiran kowa da wannan sarauta. Na buɗe baki. Baba ya taka min ƙafa da gaske, har yanzu yatsan na ciwo. Na kalli hannun Surajo, na ɗauki waya na goge kalmar. Ya koma Tsamiya Bakwai kawai.

Na goge ta a waya. A littafin nan ba wanda ya sa min sharaɗi. Daji, daji, daji.

Talata, bayan la'asar

Asta ta kira. Ya iso gida.

Alhamis, 22 ga Agusta, hantsi

Masu gudu sun fara dawowa. Huzaifa ya turo wai dama ya san gaskiya za ta yi halinta, a mayar da shi. Na ce sai Hankaka ta zauna a kansa. Sumayya ta yanke masa hukuncin zama Ƙuda na wata uku.

Mata a unguwa sun sa min suna, ina wucewa ana cewa ga Bushiya nan. Ina amsawa. Abin da ban iya ba shi ne kiran Surajo. Na ɗauko lambar ta fi sau goma. Ya san layina a kashe yake tun Litinin ɗin can, a gabansa suke kira. Me zan ce masa?

Asabar, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Mun je rugar da Inna duba shi. Yana zaune a inuwar bukka, mai ɗori ya ɗaure hannun da karare. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, an ce sai a hankali, ko kuma shi ke nan. Inna ta shiga wurin mahaifiyarsa, Asta ta shimfiɗa min tabarma nesa kaɗan ta zauna a gefena.

Na gaishe shi da jiki. Na fara abin da na kwana biyu ina shiryawa, na ce Surajo ka yafe min, tun ranar farko ya kamata in fito. Ya katse ni.

"Malama, wa ya ce ki zo?"

Na ce ban gane ba.

"Kullum da safe sai sun zaunar da ni sun kira lambarki. Ni kuma ina ta addu'a a zuci kar ta shiga. In na ji an ce a kashe take, sai in ce alhamdulillahi, yau ma ta tsira."

Na ce ai ka san sunana, ka san gidanmu, ka san makarantar da nake koyarwa. Kalma ɗaya za ka faɗa su bar ka.

"Abin da suke tambaya ke nan," in ji shi. "Waye Bushiya. Kwana goma sha ɗaya, tambayar ke nan." Ya ɗaga hannun da aka ɗaure kaɗan ya mayar kan gwiwa. "Na ga abin da suke yi wa namiji. Ban san me za su yi wa mace ba."

Asta ta juya baya tana share ido da gefen zane. Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa. Duk kwanakin nan ina zaune a ɗaki ina jiran babur ya tsaya a ƙofarmu, ina ganin dabarata ce ta hana.

Da za mu tafi ya ce in ba Asta wayata ta rubuta masa saƙo a guruf, tunda tasa ba su mayar ba, kuma ba shi da hannun rubutu. Ta riƙe wayar tana jira. Ya ce:

"Rubuta: Zaki ya dawo. Har yanzu gangata tana hannun Gara. Wa ke nan?"

Kafin mu kai bakin hanya mutum tara sun amsa.